Tambayoyi da amsoshi a kan tuƙin kayak a kogunan cikin duwatsu

Duk damina, da kogi ya kawo, sai zancen ya dawo majalisarmu. Wani yaro zai miƙo mini waya ya ce, "Malam, dubi wannan, da gaske ne kuwa?" Abin da ke ciki kusan kullum iri ɗaya ne: mutum shi kaɗai a wani ɗan ƙaramin jirgi ja ko rawaya, da hular kwano a kansa, yana gangarowa tsakanin duwatsu cikin ruwan da ya yi fari fat. Ya nutse, a ce shi ke nan, can sai ga shi ya ɓullo yana tuƙi. A bakin kogi na tashi, nan ƙasa da Wudil, kawuna kuma ɗan fito ne, a hannunsa na koyi riƙon filafili tun ban cika shekara goma ba. Shi ya sa na daɗe ina bin labarin wannan wasa da masu yinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi mini. Na tsaya na amsa su a tsanake ne don akwai abin da nake so mu ɗauka daga wurin mutanen nan, kuma zan zo kansa.

Wai mene ne kayak, kuma da me ya bambanta da kwale-kwalenmu?

Asalinsa jirgin farauta ne na mutanen Inuwit, mazauna can ƙarshen arewacin duniya, wajen Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Sukan ɗaure firam na itace ko ƙashi, su lulluɓe shi da fatar dabbar ruwa, su bar ƙofa ɗaya a sama daidai ƙugun mutum. Sunan ma daga harshensu ya fito.

Namu kwale-kwalen a buɗe yake, yana ɗaukar mutane da buhuna har da babur, ana tura shi da gora ko a tuƙa da filafili mai baki ɗaya. Kayak kuwa sa shi ake yi kamar wando. Mutum zai zauna ya miƙe ƙafa a ciki, gwiwoyinsa su tokare jikin jirgin, sannan ya rufe ƙofar da wani siket na roba da ke ɗaure a ƙugunsa, ruwa ba ya shiga. Filafilinsa baki biyu ne, hagu da dama. Wanda ake shiga kogin dutse da shi bai cika kai mita uku ba, nauyinsa kuma wajen kilo 20. Tun shekarun 1970 aka koma ƙera su da roba mai tauri irin ta tankin ruwa, mai jure karo da dutse. Kafin nan na da fashewa suke yi, shi ya sa koguna da yawa ba su shigu ba sai bayan zuwan robar.

Me ke sa ruwan ya yi fari haka?

Gangare da duwatsu. Ruwa in ya zubo da gudu ya daki dutse sai ya haɗiyi iska ya zama kumfa. Koginmu yana tafe ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a kan yashi, shi ya sa ko ya cika maƙil ba ya wannan tafasa. Waɗancan kuwa akwai mai sauka mita 20 ko fiye a kowace kilomita ɗaya.

Abin lura shi ne ruwan kumfa ba ya ɗaukar mutum yadda ruwan kwance yake ɗauka, domin rabinsa iska ce. Gwanin ninƙaya ma nutsewa yake yi a cikinsa. Ga kuma nauyi. Lita dubu ta ruwa tan ɗaya ce cur, wato jarka 40 masu cin lita 25, kuma ƙaramin kogi yana wuce da ninkin haka sau da yawa a daƙiƙa guda. In gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin turinsa sau huɗu yake ninkawa. Ruwan da bai wuce gwiwa ba yana iya kayar da ƙato.

Ta yaya suke sanin kogin da ya fi ƙarfinsu?

Suna da ma'auni mai hawa shida, wanda wata ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta tsara, duniya kuma ta karɓa. Hawa na ɗaya ruwa ne mai tafiya da 'yan ƙananan igiyoyi. Na biyu da na uku akwai duwatsun da sai an kauce musu, amma hanya a bayyane take. Daga na huɗu sai ƙwararre, kuskure kuma yana da tsada. Na biyar shi ne wanda ceto yake wuya ko da gwanaye na tsaye a gaɓa. Na shida kuwa wuri ne da kusan ba a bi, wanda ya shiga ya san da ransa yake ciniki.

Sai dai lambar ba a kafe take ba. Wurin da yake hawa na uku da rani yana iya komawa na biyar bayan ruwan sama na dare ɗaya. Kawuna bai san wannan ma'auni ba, amma kowace safiya sai ya je ya dubi wani turke da ya kafa a bakin mashigi kafin ya kwance jirgi. In ruwa ya haura tsagar da ya yi a jikin turken, ko nawa za a ba shi ba zai ƙetara ba. Yakan ce mini, "Ɗana, kogin jiya ba shi ne na yau ba."

In jirgin ya kife da mutum, ta yaya yake sake miƙewa?

Wannan ita ce dabarar da ta fi ba yaranmu mamaki, kuma ita ma gadon Inuwit ce, domin a ruwan ƙanƙara wanda ya fita daga jirginsa ba ya daɗewa. Mutum yana kife, kansa a ƙasa, sai ya dunƙule ya kai filafili saman ruwa, ya share da shi gefe, ya murɗa ƙugu da gwiwa ya juyo jirgin. Kai shi ne ƙarshen fitowa. Mai koyo yakan yi gaggawar ɗago kai don ya shaƙi iska, wannan gaggawar ce ke mayar da shi ƙasa. A ruwan kwance ake koyonta, da malami tsaye a gefe, a yi ta maimaitawa har jiki ya riƙe.

In juyin ya ƙi, akwai madauki a gaban siket ɗin. Mutum ya fizge shi, ya zame ya fito. Wannan ake fara koya wa kowa ranar farko, kafin a koya masa tuƙi.

To me ke cin mutane a irin wannan ruwa?

Mai kallo a waya manyan igiyoyi yake tsoro, alhali su ne masu sauƙi, sukan wanke mutum su wuce da shi. Masu kisa ba su cika ɗaukar ido ba.

Akwai ramin ruwa. Inda ruwa ya zubo ta kan dutse ko bango ya faɗa ƙasa, na saman yakan juyo baya yana birgima, ya riƙe duk abin da ya faɗa ciki, ya nutsar da shi, ya ɗago, ya sake nutsarwa. Mafi munin irinsa shi ne wanda mutum ya gina, wato ƙaramar madatsa ta siminti da ruwa ke tsallakewa daga gaɓa zuwa gaɓa, domin ba ta da gefen da za a sulale. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda yake zaune kusa da magudanan noman rani, wajen Kura da Bunkure da Garun Malam ko ta Auyo, ya san irin waɗannan wurare, ya kuma san yadda gansakuka ke sa bangon siminti santsi har mutum ya rasa abin kamawa. Ruwan yana kama da wurin wasa, yara kuma suna sonsa.

Akwai itacen da ya faɗi cikin kogi. Ruwa yana ratsa rassansa kamar rariya, mutum kuwa ba ya ratsawa, sai ruwan ya danne shi a jiki. Haka tarin duwatsun da ruwa ke bi ta ƙarƙashinsu, da dutsen da ruwa ya rarake masa gindi.

Sai maƙalewar ƙafa. Mutum ya faɗa ruwa mai gudu, ya ji ƙasa kusa, ya ce bari ya tsaya. Ƙafa ta shige tsakanin duwatsu biyu, ruwa ya tura shi ya kifa da fuska, ba ya iya ɗagowa, a wurin da zurfinsa bai wuce ƙugu ba. Saboda haka ƙa'idarsu ita ce kada ka miƙe tsaye a ruwa mai gudu. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsu a sama, har ka ga inda ruwa ya lafa a bayan dutse ko a lungun gaɓa, sannan ka juya ka yi iyo da ƙarfi ka shiga can.

Na ƙarshe sanyi. Yawancin kogunan manyan tsaunuka narkakkiyar ƙanƙara ce. Cikin 'yan mintuna hannu yake daina riƙe igiya.

Wane kaya suke sawa?

Biyar ne ba a shiga ruwa sai da su: jirgi, filafili, siket, hular kwano, da rigar ceto mai hana nutsewa. A ƙasashen sanyi ana ƙara rigar da ruwa ba ya ratsa ta. A aljihun rigar ceto akwai usur da wuƙa, wuƙar don yanke igiya in ta naɗe mutum. Kowa kuma yana ɗauke da wata 'yar jaka da aka cusa wa igiya mai yawo a saman ruwa, tsawonta mita 15 zuwa 20. Ana riƙe bakin igiyar a jefa jakar, tana tafiya tana warwarewa. Ban taɓa ganin gwani ko ɗaya a cikinsu ya shiga ruwa ba rigar ceto don wai ya iya ninƙaya ba.

Da aka ce kogin yana nesa da mutane, me hakan ke canzawa?

Komai. A wasu wuraren sai an yi kwanaki ana tafiya a ƙasa da jirgi a kafaɗa, ko a ɗora wa alfadarai, kafin a ga ruwan. Abinci da abin kwanciya da magani duk a cikin jirgin ake cusa su, sai ya ƙara nauyi ya rage jin magana. In aka shiga kwazazzabo mai bangon dutse hagu da dama, babu komawa baya, babu hawa sama, mafita tana gaba. Karayar da za a ɗaure a asibiti cikin awa ɗaya, a can tana iya zama ajali. Yanzu suna tafiya da na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, amma saƙo ya isa daban, mai ceto ya iso daban.

Shi ya sa aikinsu rabi a ƙasa ake yinsa. In sun ji rugugi a gaba ba su ga ƙarshensa ba, sai su tsaya su fito su leƙa. Su tsaya a kan dutse suna nuna hanya da hannu, su ajiye mutum da igiya a inda ake tsoro, sannan su bi ɗaya bayan ɗaya. In wurin bai kwanta wa mutum ba sai ya saɓi jirginsa ya zagaya ta tudu, ba mai yi masa gori. Ba sa tafiya ƙasa da mutum uku, don in ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako. A kogunan ƙanƙara kuma sammako ake yi, domin rana tana narkar da ita, ruwa ya ƙaru da yamma.

Duk da wannan taka-tsantsan an rasa manya. Mike Jones, wani likita ɗan Ingila, shi ya jagoranci tawagar da ta bi kogin Dudh Kosi na ƙasar Nefal, mai gangarowa daga gindin tsaunin Ebares, a 1976. Bayan shekara biyu, a 1978, ruwa ya ci shi a kogin Braldu na Pakistan yana ƙoƙarin ceton abokin tafiyarsa. A 1998 Doug Gordon ɗan Amurka ya rasu a kwazazzabon Tsangpo na Tibet, a shekarar da kogin ya yi cikar da ta wuce misali. Sai a 2002 wata tawaga ƙarƙashin Scott Lindgren ta bi sashen sama na kwazazzabon, su kuma da sanyin hunturu suka je, lokacin da ruwa ya ja baya.

Ana yi a Afirka?

Sosai ma. Kogin Zambezi a ƙasan matsirgar Biktoriya, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, yana cikin wuraren da aka fi zuwa a duniya. Haka kogin Nilu a Jinja ta Yuganda, ko da yake madatsar Bujagali da aka gama a 2012 da ta Isimba a 2019 sun shanye da yawa daga wuraren. A 2011 mutum huɗu ƙarƙashin Steve Fisher ɗan Afirka ta Kudu suka ratsa Inga a kogin Kwango, inda babu wani wuri a duniya da ruwa mai yawan haka yake tafasa.

Namu kogunan suna da ƙarin abin tsoro. A watan Disamba na 2010 kada ya fizge Hendri Coetzee daga cikin jirginsa a kogin Lukuga na Kwango, mutumin da ya san kogunan Afirka kamar tafin hannunsa. Ga dorina. Ga tsargiya a ruwan kwance. Ga ɗan baƙin ƙudan nan mai kawo makanta, wanda a ruwa mai gudu kan duwatsu yake hayayyafa.

A ƙasarmu fa? Nan Kano ko Jigawa za a iya?

Irin na waya dai babu shi a wajenmu. Kogin Kano daga tsaunukan Jos ya taso, ya biyo ta dajin Falgore, amma madatsar Tiga ta tare shi tun 1974, shi ma Challawa aka datse shi a 1992. Bayan sun haɗu suka zama kogin Haɗeja, sai tafiya a kwance ta Wudil da Ringim har fadamun Haɗeja da Nguru, inda kacala ce ma ke toshe hanya. Mai neman gangare sai ya nufi duwatsun Riruwai a Doguwa, ko ya fita jiha: Gurara a Neja, Matsirga kusa da Kafancan, Assop a Filato, Farin Ruwa a Nasarawa, da kogunan da ke sauka daga Mambila. Kogin Kwara ma yana da nasa a da. A Busa ne ruwa ya ci Mungo Park, Baturen da ya zo binciken kogin, a 1806, wurin kuma yanzu yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Roƙona ga samari: kada wanda ya ɗauki tayar mota ko kwale-kwalen katako ya je gwada abin da ya gani. Waɗanda kuke kallo sun yi shekaru a hawa na biyu da na uku kafin su taɓa na biyar, kuma a bayan mai ɗaukar hoton akwai mutane tsaye da igiya.

Gasa ce, ko yawo kawai? Mata suna yi?

Duka biyun. An fara gasar a wasannin Olamfik a 1972 a Jamus, a wani kogin da aka gina da siminti a Augsburg, aka dakata, aka dawo da ita a 1992. Mata suna ciki tsundum. Jessica Fox 'yar Ostareliya ta ci zinare biyu a gasar Faris ta 2024.

Malam, wannan ba jefa kai ga halaka ba ne?

An yi mini wannan tambaya a ƙofar masallaci, kuma ba ta wasa ba ce, domin gargaɗin yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 195. Hukunci na malamai ne. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda nake kallon abin. A 2009 Tyler Bradt ya faɗo da kayak daga matsirgar Palouse a Amurka, tsayin kusan mita 57, ya fita da rai. Wannan ban yaba ba, kuma ba zan so ɗana ya yi sha'awarsa ba, domin a irin wannan tsayi gwaninta ta ƙare, saura ƙaddara. Amma mafi yawan masu wasan ba haka suke ba. Mutane ne masu auna ruwa, su sa kariya, su tafi da abokai, su haƙura su juya in abin ya fi ƙarfinsu. In aka ajiye mutumin da ya yi duk wannan a gefe ɗaya, aka ajiye jirgin fito mai cin mutum 20 da aka loda wa 50 da magariba ba rigar ceto ko ɗaya, ni na san wanda ya fi kusa da ganganci.

To mu me za mu ɗauka a ciki?

Rigar ceto da igiya, sai kuma haƙurin fasa tafiya. Ba wanda ya manta ranar 30 ga Nuwamba 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari tsakanin Badau da Bagwai, aka rasa rai fiye da 20, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su je Mauludi. Ruwan kwance ne, babu dutse babu kumfa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Har yau in na tuna sai in ga da kowane yaro yana sanye da rigar nan, da iyaye da yawa sun kwana da 'ya'yansu a daren.

Mukan ce iya ruwa fidda kai, kuma gaskiya ne, amma yaro ɗan shekara bakwai da tsohuwa mai goyon jika ba su da wannan iyawar, wanda ya iya ɗin ma in mutum uku suka riƙe shi tare za su tafi. Masuntanmu sun san amfanin abin da ke ɗaga mutum tun kaka da kakanni, ai a kan gora suke kwanciya su shiga gurbi. Rigar ceto gora ce da ba ta suɓucewa. Ina ganin kowane mashigi ya kamata Sarkin Ruwa da 'yan fito da masu unguwa su zauna su yanke adadin mutanen da jirgi zai ɗauka, a rubuta a jikinsa da fenti, a hana fito bayan faɗuwar rana, a kuma yi karo-karo a sayi riguna ko goma ne a fara da su, yara su ne farko.

In wani ya faɗa ruwa a gabana, me zan yi?

Kada ka fara da tsalle, ɗan'uwa, ko da ɗanka ne, sai in ba sauran dabara kuma ka san ruwan. Wanda yake nutsewa duk abin da ya kama hawansa yake yi. Yi kururuwa a taru. In yana kusa, kwanta a ƙasa ka miƙa masa gora ko sanda ko rawani, wani ya riƙe ƙafarka. In ya yi nisa, jefa masa abin da ke yawo. Jarkar da ba komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana riƙe babban mutum. In an ɗaura mata igiya doguwa aka zuba ɗan ruwa kaɗan a ciki don ta yi nauyin jifa, ta zama irin jakar da na faɗa a sama, kuma kowane mashigi da kowace gadar magudana za a iya rataye ɗaya.

Ka jefa ta ta wuce shi kaɗan yadda igiyar za ta faɗo a kansa. Kada ka ɗaura igiyar a ƙugunka ko ka naɗe ta a hannu, domin in ruwa ya ja sai ya haɗa da kai. Ka zauna ka tokare ƙafa, ka bar ruwan da kansa ya karkato da shi zuwa gaɓa ta ƙasa da kai. In an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a sake hurawa sau biyu, a ci gaba a haka. Kada a ɓata lokaci wajen matsa masa ciki wai don ruwa ya fito. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan awoyi.